Ƙaho, Taurari da Juji: Rani Guda a Wani Lambu na Tsamaye

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, a ƙarshen daminar 2024 wani ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya turo mini ɗan bidiyo ta waya. Wasu Turawa ne, maza da mata, sun yi da'ira a cikin gona suna cusa ɗanyen kashin saniya a cikin ƙahonnin shanu, suna jera su a rami suna mayar da ƙasa. Tambaya ɗaya tak ya rubuto mini: "Yaya, wannan noma ne ko tsafi?" Ya ce abokansa sun rabu gida biyu a kai. Wasu sun ce shirka ce tsagwaronta, kada ma a kalla. Wasu kuwa sun ce ai Bature ba ya yin abu a banza, tun da suna yi to akwai ilimi a ciki, mu ne dai ba mu gane ba.

A wurina duka amsoshin biyu na raggo ne. Na farko ya yanke hukunci kafin ya san abin da ake magana a kai, na biyu ya miƙa wuya kafin ya nemi hujja. Saboda haka na ce masa ya ba ni rani guda. Akwai ɗan lambu na kawuna a bakin garin Tsamaye, mai rijiya ɗaya, na roƙe shi fangali shida na albasa da layi biyu na tumatir, na ƙudurta zan karanta wannan tsari yadda masu shi suka bayyana shi, in kuma auna shi da abin da ƙasa za ta nuna mini.

Kada mai karatu da ke zaune a Kano ko Abuja ya ɗauka sha'awa ce kawai ta ɗan boko. Tun 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Gonakin da ke nesa da gari sun zama saura, waɗanda ake nomawa kuwa a wurare da yawa sai an biya haraji ga azzalumai kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa. Idan basarake bai tsira a kan hanya ba, ina talaka da jakinsa? Ga takin zamani ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, ga man fetur na injin ban ruwa ya bi sahunsa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Wanda yake cikin wannan hali, duk wanda ya zo masa da zancen ciyar da ƙasa ba tare da sayen buhu ba, wajibi ne ya tsaya ya saurara.

To, mene ne shi wannan noma da suke kira bayodainamik? Asalinsa laccoci takwas ne da wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Steiner, ya gabatar wa wasu manoma a watan Yunin 1924 a Koberwitz, wurin da a yau yake cikin ƙasar Foland. Manoman sun koka masa ne cewa ƙasarsu tana gajiya kuma irinsu yana lalacewa tun da suka rungumi takin kanti. Shi Steiner ba manomi ba ne. Mutum ne mai wata aƙida ta kansa game da ruhi da tasirin sararin sama, kuma ya rasu a 1925, bai ga abin da maganarsa ta haifar ba. Almajiransa ne suka ɗauki abin, suka samar da tambarin Demeter a 1928, wanda har yanzu ake buga shi a kan kayan gonar masu bin tsarin. Idan ka warware koyarwar za ka tarar da igiya uku aka tufka. Akwai cewa gona jiki ɗaya ce, dabba da shuka da ƙasa da mutum suna ciyar da juna, ba a dogara da abin da za a sayo daga waje. Akwai wasu haɗe-haɗe guda tara masu lamba 500 zuwa 508, wanda ƙahon nan na bidiyo shi ne na farkonsu. Sannan akwai kalandar shuka da ke bin tafiyar wata a cikin burujai.

Na fara da igiya ta farko, domin ita ce kaka ta fara tambayata. Watan Oktoba ya kama, an yafa irin albasa, sai na haƙa rami don haɗa taki kamar yadda na karanta: shimfiɗar karan gero da ƙaiƙayi, shimfiɗar kashin dabbobi, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a maimaita har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Bayan kwana kaɗan na soka sanda a ciki, na zaro ta da zafi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Na yi murna ƙwarai. Kawu ya tsaya yana kallona, ya ce: "Ɗana, wanga taki naka yaushe za shi nuna?" Na ce wata biyu zuwa uku, in ana juya shi. Ya ce: "Dashe kuwa saura kwana arba'in." Shi ke nan maganar da ya yi, kuma ta ishe ni. Lambun rani tun cikin damina ake fara shi, ni kuwa na zo a makare. Da tsohon jujinsa na bara, wanda ya riga ya yi baƙi ya yi laushi yana ƙamshin ƙasar farkon ruwa, muka gyara fangulan. Fangali ɗaya da na yi taurin kai na zuba wa ɗanyen kashin awaki, dashensa ya ƙone, abin da ya tsira kuma ciyawa ta taso ta rufe shi, domin ƙwayar ciyawar da akuya ta ci ba ta mutu ba.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi komai taɓa mini zuciya. A koyarwar Steiner saniya ita ce tsakiyar gona. Ni kuwa na zaga unguwa ina neman kashin shanu da zai cika ramina ban samu ba, domin shanun da ake da su an kore wasu, wasu masu su sun sayar kafin a kore. Alhali wannan "gona jiki ɗaya" da Turawa suke biyan kuɗi su koya, kakanninmu a ƙasar Gobir sun rayu a cikinta ba tare da sun ba ta suna ba. Idan an gama girbi, manomi shi ke zuwa ya roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin, su bar taki. Manomi ya ba da damman hatsi, matan Fulani su kawo nono su koma da gero. Gawo yana tsaye a tsakiyar gona, yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke son rana da abinci, yana fitar da shi da rani lokacin da dabba ke son inuwa. Abin da ya karye a wurinmu ke nan, amana tsakanin maƙwabta biyu, kuma babu wani haɗi mai lamba da zai ɗinke ta. Duk matashin da yake zagin wata ƙabila dungurungum a Facebook saboda laifin 'yan ta'adda, ya sani yana ƙara nisanta saniya da gona ne, kuma shi ma daga gonar yake ci.

Da kashin awaki da na tumaki da na kaji da na jaki na cika ramin. Ya nuna a watan Janairu, ya samu tumatir.

Batun ƙaho kuwa, ban binne ba, kuma ga dalilina. Yadda suke yi shi ne a binne ƙahon da kaka, a tono shi bayan sanyin ƙasarsu ya wuce, a ɗebi abin da bai fi cikin tafin hannu ba a dama shi a ruwa tsawon awa guda cur, ana juyawa dama ana juyawa hagu, sannan a yayyafa wa fili mai faɗin eka. Ko su ba su ce wannan ɗan abin taki ne ba. Cewa suke ƙahon yana tara wani ƙarfi na sararin sama. Sauran haɗe-haɗen sun haɗa da furen wata ciyawa da ake ɗurawa a mafitsarar barewar ƙasarsu, da ɓawon wata bishiya da ake cusawa a ƙoƙon kan dabba. Musulmi yana riƙon sababi ne ta ɗayan hanya biyu: ko shari'a ta tabbatar da shi, ko jarrabawa ta tabbatar da shi. Wahayi bai zo da ƙaho ba. Saura jarrabawa.

Kuma an jarraba. A Therwil ta ƙasar Suwizalan akwai wani gwaji da aka fara tun 1978, ana noma fili gefe da gefe da tsarin bayodainamik, da tsarin takin gargajiya zalla, da tsarin takin zamani. A 2002 Paul Mäder da abokan aikinsa suka buga sakamakon shekara 21 a mujallar Science. Filayen da ba a sa musu takin kanti ba amfaninsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma abin da aka kashe musu na taki da makamashi ya ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin ƙwari kuwa da kashi 97, ƙasarsu kuma ta fi rai, ta fi tana da ƙananan halittu. Masu bayodainamik suna son ambaton wannan gwaji, kuma suna da gaskiya su so shi. Sai dai filayensu ruɓaɓɓen taki mai kyau ake zuba musu, don haka gwajin bai raba aikin juji da aikin ƙaho ba. Da wata masaniya a Amurka, Linda Chalker-Scott, ta tattara binciken da aka yi a kan haɗe-haɗen su kaɗai a 2013, ba ta sami hujja bayyananna cewa suna ƙara wani abu a kan noman takin gargajiya ba. Ka ƙara da wannan: ciyayin da ake haɗin da su na ƙasashen sanyi ne, ba sa fitowa a Tsamaye. Tsarin da ya ce kada in sayi buhu daga Sakkwato, yaya zai ce in yi odar fure daga Jamus?

Ka lura da kashi 20 ɗin nan, ya ɗan uwa, domin ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali goma. Shi ya sa ban bi su ba wajen haramta takin zamani kwata-kwata. Ƙasarmu ta jigawa rairayi ce mai yunwa. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe da nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba a gindin kowace shuka yana ɗaga amfanin gero sosai, balle in ya tarar da takin gargajiya a wurin. Wanda Allah Ya hore masa tiya ɗaya ya yi amfani da ita da hikima. Haramtawa da halattawa ba na Steiner ba ne.

Yanzu sai taurari, kuma a nan nake son a natsu, domin a nan ne matasanmu suka fi ruɗewa ta fuska biyu. Kalandar da masu wannan tsari suka fi bi ita ce wadda wata Bajamushiya, Maria Thun, ta fara fitarwa a 1963. Ta raba burujai goma sha biyu gida huɗu, na ƙasa da na ruwa da na iska da na wuta. Idan wata yana cikin burujin ƙasa, ranar saiwa ce, a shuka karas da albasa. Na ruwa ranar ganye. Na iska ranar fure. Na wuta ranar 'ya'ya, kamar tumatir. Wani zai ce, to ai mu ma tsofaffinmu da taurari suke noma. Gaskiya ne. Kawu bai taɓa riƙe kalandar bango ba, amma ya san taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, jimla 365: bakwai na damina irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, bakwai na bazara. Amma tambaye shi me tauraro ke yi wa gero, zai yi maka dariya. Agogo ne a wurinsa. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, manomi kuwa yana bukatar lissafin da ke tafiya da zafi da sanyi da ruwa, sai ya karanta shi a sama.

Wannan bambanci malamai sun daɗe da fayyace shi. Ibn Rajab da wasunsa sun raba ilimin taurari biyu: na sanin tafiyarsu don gane lokaci da alƙibla da hanya, wanda babu laifi a cikinsa, da na jingina musu tasiri a kan abin da ke faruwa a ƙasa, wanda aka hana. Asalin maganar hadisin Zaidu bin Khalid ne (RA) da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, na safiyar da aka kwana ana ruwa a Hudaibiyya, inda aka bambanta wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Imamu Shafi'i ya bayyana cewa wanda ya ambaci tauraro yana nufin lokacin da ruwa ya saba sauka, hukuncinsa daban yake da wanda ya ƙudurta tauraron ne ya saukar. Lissafin Kawu na kashin farko ne. Kalandar Thun da burujanta na wuta da iska, ni dai ban ga inda zan ajiye ta ba sai a kashi na biyu. Kuma don adalci, ba Turawa kaɗai suka faɗa wannan rami ba: littafin noma na Ibn al-Awwam, mutumin Ishbiliya ta Andalus a ƙarni na 12, cike yake da ilimin ƙasa da taki mai amfani, amma shi ma ya kwaso zantukan kwanakin wata daga magabata. Har a ɗakin karatunmu sai an yi tankaɗe.

Ban yi dashe da kalandar ba. Mako guda muka ɗauka muna dasa albasa, gwargwadon ruwan rijiya da ƙarfin bayanmu. Daga baya ne na duba don in cika wa ƙanena alkawari, na ga wasu fangulan sun dace da abin da suke kira ranar saiwa, wasu ranar ganye, wasu ranar fure. Da aka zo cira a watan Maris, albasar da ta fi girma ita ce ta fangulan da ke kusa da rijiya, waɗanda suka fi samun tsohon juji. Fangali shida a rani ɗaya ba ya kafa hujja a kan kowa, na sani. Ni dai abin da ya nuna mini shi ne inda ya kamata in kashe ƙarfina.

Sai dai akwai wani abu da na karɓa daga mutanen nan da hannu biyu, wato nacewarsu a kan kallo. Suna koya wa almajiri ya shiga lambu kullum a lokaci ɗaya, ya duba, ya rubuta. Na sayi littafi mai shafi arba'in na bi wannan. Da haka na gane cewa ban ruwan la'asar ya fi zama a ƙasa fiye da na hantsi idan iskar hunturu tana kaɗawa. Da haka na ga farin tabo a ganyen tumatir tun yana ɗaya biyu, alamar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Na tsinke ganyen da suka kamu na ƙone, muka daka ƙwallon dogon yaro muka jiƙa ya kwana, muka tace muka fesa da yamma, muna maimaitawa duk mako. Ba ta ƙare ba, amma ba ta ci mu ba. Maƙwabcinmu da ya ga tasa a makare ya fesa maganin kanti sau da yawa, har ranar da zai kai kasuwa, kuma yaran garin nan ne suka ci wannan tumatir. Wannan ya fi ƙahon Bature bukatar fatawa, amma ban ji matasa suna gardama a kansa ba.

Wani zai kawo mini misalin Masar, kuma ya kamata a kawo shi. A 1977 Dakta Ibrahim Abouleish, Musulmi da ya yi karatu a Ostiriya, ya koma gida ya sayi hekta 70 na hamada kusa da Bilbeis, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Alƙahira, ya kafa gonar SEKEM a kan tsarin bayodainamik. Hamadar ta zama kore, aka yi makarantu da asibiti da masana'antu, aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2003, ya rasu a 2017. Ina girmama aikinsa. Amma idan na duba abin da ya yi da hannunsa, rijiyoyi nake gani, da bishiyoyin kare iska, da shanu, da tulin taki, da haƙurin shekaru. Kuma ba sai mun je Masar ba. Nan ƙetaren iyaka a ƙasar Maraɗi, tun daga 1983 manoma suka koma barin kututturan itatuwa su tofo a gonakinsu maimakon sassabe su, abin da ake kira sassabin zamani, har masu bincike suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo a kudancin Nijar da hekta miliyan 5. Babu ƙaho a ciki, babu buruji. 'Yan uwanmu ne, harshenmu ɗaya, da yawa daga cikin mutanenmu ma a garuruwansu suka yi gudun hijira suka gani da idonsu.

A cikin Sahihu Muslim akwai labarin manoman dabino na Madina da suka bar yi wa dabino barbara saboda wata magana da Manzon Allah (SAW) ya yi bisa zato, amfanin shekarar ya lalace, sai ya mayar musu da al'amarin sana'arsu ga saninsu. Abin da na fahimta shi ne cewa a fagen noma gwaji ne alƙali, kuma manomin da ya shekara arba'in yana duban ƙasa malami ne a fanninsa ko da bai iya rubuta sunansa ba. Mu da muke da waya a hannu mun fi saurin yarda da baƙon da ke cikinta fiye da tsohon da ke zaune a zaurenmu.

Da bazara ta kama na rubuta wa ƙanena amsa. Na ce masa a cikin abin da ya gani akwai noma, akwai kuma abin da zuciyar mai tauhidi ba ta bukata, kuma raba su ba ya yiwuwa daga ɗakin kwanan ɗalibai. Na ce in ya samu hutu ya zo da tsofaffin kaya. Mun ware kawunan albasa mafi kyau don iri, mun shanya 'ya'yan tumatir a inuwa mun ɗure su a kwalba da toka. Sabon ramin taki kuwa mun haƙa shi tun ruwan farko, guda biyu wannan karon, kuma Kawu ya aika wa wani tsohon amininsa Bafulatani da ya rage da 'yan shanu bakwai cewa in an yi girbi, karan gonar bakin gari nasa ne.